Shekarar da Malam Ya Yi wa Tumfafiya Ban-ruwa

Mijina malamin asibiti ne. A shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da ya ɗaga wa kowa kai, muna zaune a Gwaram, a wani gidan gwamnati mai ɗaki uku da ke bayan ɗakin shan magani. Lokacin muna cikin jihar Kano. Cikin abokansa wani ya sayi babur, wani ya sayi rediyo mai kaset, hedimasta kuwa fanka ya sayo daga Kano alhali garin babu lantarki, ya ajiye ta a falo ana zuwa kallo. Shi Malam a daidai lokacin aka tura shi kwas na wata uku a Jos, ya dawo mana da wani ciwo da babu maganinsa a kabad ɗinsa.

Ranar da ya dawo, kwali biyu aka sauke masa daga mota. Ni na ɗauka dankalin Turawa ne da atamfa, har na fara tunanin ɗinkin da zan yi. Inna, mahaifiyarsa, wadda muke zaune tare tun rasuwar mahaifinsa, ta jawo kujerarta kusa. Da aka buɗe, sai ga gwangwanayen madara cike da baƙar ƙasa, kowanne da ɗan tsiro a ciki, wasu sun yi yaushi don wahalar hanya. Kwali na biyu kuma ƙananan ambulan ne masu hoton furanni, da iri a cikinsu.

Malam ɗan fari ne, don haka Inna ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in da hali. Ni ce wayarsu. Ko yana zaune a gabanta, ni take wa magana.

Ta ce, "Ke, tambayar min shi, wannan miyar me ake yi da shi?"

Na ce, "Malam, Inna ta ce..."

"Na ji. Ba a ci, Inna. Fure ne."

"To magani ne?"

"Ba magani ba ne. Lambu zan yi, saboda ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi."

Inna ta ɗauki gwangwani ɗaya ta jujjuya shi ta ajiye. Sannan ta dube ni ta ce, "Tambaye shi, su suka aiko shi?"

Daga baya ya ba ni labarin yadda abin ya kama shi. A Jos akwai wata tsohuwar likita da ke koya musu aiki, ta gayyace su gidanta shan shayi wata Lahadi. Bayan gidan duk furanni ne, ƙudan zuma na ta gunji a ciki, malam-buɗe-littafi kala-kala na sauka suna tashi. Ya ce shayinsa har ya huce bai kurɓa ba. Ya ce, "Ni daga safe zuwa azahar gyambo nake kallo da majina da kumburi. In na dawo gida ina so idona ya faɗa kan abin da ba ya ciwo." Wannan maganar ta shige ni, kuma ita ta sa na yarda. Da na san ni zan ja ruwan, da na ƙara tunani.

Bayan ɗakunanmu akwai fili mai ɗan faɗi, kuma tun zuwanmu Inna ta mallake shi. Nan take shuka kuɓewarta da yakuwa da kabewa mai hawa danga. Akwai lalle a kusurwa, da lemun tsami guda, da tumfafiya biyu da suka fito da kansu a jikin katangar banɗaki. Malam ya zo da igiya da turaku ya ce zai raba filin biyu. Ya auna ya kafa turakunsa ya tafi aiki. Kafin ya dawo Inna ta matsar da su taku uku. Washegari ya mayar, ta sake matsarwa. A rana ta uku ya haƙura da taku biyu, ita ta haƙura da ɗaya. Haushin da ya rage sai ya sauke shi a kan tumfafiya. Ya ce itacen juji ne, ba zai zauna kusa da furen wardi ba, ya sa adda ya sare su biyun har ƙasa.

Ya yi kunyoyi a jere kamar gadajen asibiti. Kowane tsiro ya kafa masa ɗan katakon nan da yake danne harshen mara lafiya da shi, ya rubuta sunansa da Turanci. Bazara ce, ruwa bai sauka ba, kuma furannin Jos ba su san zafin Gwaram ba. Sai an ba su ruwa safe da yamma, in an yi jinkiri su sunkuyar da kai kamar an yi musu mutuwa. Malam ya huhhuda gindin wani gwangwani da ƙusa, ya nuna min yadda ake yayyafi a hankali, ya ɗauki jakarsa ya tafi. Rijiyarmu gaba goma sha ce. Guga nawa na ja a bazarar nan, Allah kaɗai ya sani, hannuna duk ya yi kanta. Ga 'yata a goye. Inna tana zaune a inuwa tana kaɗi, in na wuce da bokiti ta ce, "Sannu. Allah ya sa su gode."

Rabinsu suka mutu duk da haka. Akuyar maƙwabta ta shigo ta ƙarƙashin danga ta cinye wasu, har da katakon sunansu. Malam ya kewaye abinsa da ƙaya, ya zuba takin da ya roƙo a rugar Fulani, ya riƙa leƙa su da sassafe kafin ya gaishe da kowa.

Da damina ta kankama, waɗanda suka rayu suka yi fure. Gaskiya sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Akwai ja wur, akwai ruwan ɗorawa, akwai wani mai ruwan hoda da ganyen furensa ya cunkushe kamar ɗaurin ɗankwalin matar alhaji. Matan unguwa suka riƙa shigowa kallo da sunan sun zo ɗibar wuta. Wata ta tambaye ni a ɓoye ko wani malami ne ya ba shi laƙani, in na samun ƙarin girma ne ta gaya wa mijinta. Na ce mata na ƙudan zuma ne. Ta dube ni da tausayi ta ce in ci gaba da addu'a.

Malam ya fito da kujerarsa mai ninkewa, ya sayi sabon littafin rubutu, ya ja layi ya raba shafi biyu, gefe na zuma, gefe na malam-buɗe-littafi. Kullum bayan la'asar yana zaune da biro a hannu yana jiran baƙi.

Ƙudan zuma sun zo. Amma da safe suke zuwa, kuma in sun zo sai su wuce ta kan furannin Malam kamar yadda motar Kano ke wuce ƙauyen da ba shi da tasha, su faɗa cikin furen kabewar Inna, su fito jikinsu duk gari rawaya. Daga nan su koma kan kuɓewa. Wata Asabar da ba shi da aiki ya tsaya ya gani da idonsa. Wani ƙuda guda ya sauka a kan wardinsa, ya zagaya, ya leƙa, ya tashi ya bi 'yan uwansa.

Inna ta ce, "Ke, gaya masa baƙinsa a wurina suka sauka. In yana so ya zo ya gaishe su."

Malam-buɗe-littafi kuwa sai jefi-jefi. Ɗaya ya gifta, Malam ya zabura ya buɗe littafi, kafin ya cire murfin biro ya tsallake katanga.

Ana cikin haka tsutsa ta faɗa wa lemun tsami. Da farko ƙanana ne, in ka gan su sai ka rantse kashin tsuntsu ne. Da suka girma suka zama kore shar, masu kauri kamar ɗan yatsa, suna cin ganye har ana jin ƙarar. A aikin Malam tsutsa abokiyar gaba ce, ko a ciki take ko a gyambo. Bai yi shawara da kowa ba, ya ɗauko famfon da ake feshin sauro da shi, ya dama magani mai kauri, ya feshe lemun. Da ya ga magani ya rage, ya ce kada ya lalace, ya bi furanninsa ya feshe, ya tsallaka iyaka ya feshe na Inna. Gidan ya wuni yana warin asibiti.

Washegari tsutsa ta zube. Amma ba ita kaɗai ba. Ƙarƙashin kabewa ƙudan zuma ne birjik, wasu sun mutu, wasu suna juyi a ƙasa da ƙafafu sama. Inna ta ɗauki tsintsiya ta share su tsaf, ta zuba a faifai, ta kai ta ajiye kusa da kwanon kokonsa. Ba ta ma aike ni ba. Malam ya daɗe yana kallon faifan. Ranar bai karya ba, ya tafi aiki haka nan.

Wanda ya fitar da mu daga wannan duhu wani tsoho ne mutumin Basirka, mai sana'ar zuma, kowa Baba yake ce masa. Duk ranar kasuwa yakan kawo zuma a gora, in ya sayar ya biyo wurin Malam a yi masa allura saboda gwiwarsa. Ƙwaya ba ta cikin lissafinsa, in ba a huda shi ba to ba a duba shi ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya Malam ya roƙe shi ya shigo gida ya ga lambu. Na shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba, ya dogara sandarsa ya bi kunyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan mai ruwan hodar nan, ya tura ɗan yatsa cikin furen yana neman tsakiyarsa bai samu ba.

Ya ce, "Malam, wannan ta ina ake shiga? Ni kaina ban ga ƙofa ba, balle ƙuda. Su fure buɗaɗɗe suke so, wanda za su sauka su ga abinci a fili. Ka ga wancan mai kama da faifai? Shi za su so. Ka ƙara musu riɗi da wake a gefe, ka ga aiki."

Sannan ya shinshina iska ya dubi lemun tsami. Malam ya yi masa bayanin tsutsa da feshi, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Baba ya ce, "Wace iri? Kore, mai ƙaho in an taɓa ta?"

"Ita."

"Kuma kai malam-buɗe-littafi kake jira?"

"Shi."

Baba ya riƙe baki. Ya ce, "To ai su ka kashe. Wannan tsutsar ita ce take zama babban nan baƙi mai ɗigon rawaya. Ka gayyaci mutum gidanka, ka bi 'ya'yansa da famfo."

Malam ya zauna a bakin kunya. Ya ce wallahi ya karanta wannan tun a elemantare, har ya zana hoton a jarrabawa ya ci maki, ƙwai, tsutsa, sannan mai fuffuke. Amma bai taɓa kawowa a ransa cewa tsutsar littafi ita ce tsutsar gidansa ba.

Baba ya ƙara masa da cewa jan malam-buɗe-littafin nan mai farin ɗigo a bakin fuffuke, wanda ya fi kowanne yawa a ƙasarmu, ba ya ƙwai sai a jikin tumfafiya. Ya waiwaya ya ce, "Ba ku da ita a gidan nan?" Ni na shige madafa don kada dariya ta kuɓuce min a gaban baƙo.

Inna ba ta yarda ba. Ta ce shekararta sittin da wani abu tana ganin tsutsa, ba ta taɓa ganin wadda ta tashi sama ba, tsofaffin maza dai ba sa rasa abin faɗa. Malam ya ga dama ta samu da zai ci ta sau ɗaya. Da ruwan sama ya wanke maganin, sababbin tsutsotsi suka fito a lemun, ya ɗauki mafi ƙiba ya sa a wata babbar kwalba da ƙwayoyin magani suka ƙare a ciki, ya jefa ɗan tsinke, ya rufe bakin da bandeji. Kullum a sa mata sabon ganye, a kwashe kashinta. Kun san wanda aka ba wannan aikin.

Bayan 'yan kwanaki ta daina ci, ta hau tsinken ta manne, ta ƙandare ta koma kamar busasshen ganye. Inna ta leƙa ta ce, "Ta mutu. Gaya masa ya zubar, a wanke kwalbar in sa daddawa." Malam ya ce a bari. Aka yi mako, aka shiga na biyu, shi kansa ya fara kallon kwalbar ta gefen ido.

Wata Talata da hantsi, ina tankaɗe, Inna ta ƙwala min kira da wata murya da ban san ta da ita ba. Na zo na same ta durƙushe gaban kwalbar. Busasshen abin nan ya tsage, wani abu jiƙaƙƙe yana jawo jikinsa waje, fuffukensa a cukuikuye kamar tsumma. Muka zuba masa ido. Ya rataye a tsinken, fukafukan suna miƙewa a hankali har suka buɗe, baƙaƙe da ɗigon rawaya, da wani ɗan ja da shuɗi a ƙasa. Inna tana ta salati. Na ruga jikin katangar da ta raba mu da ɗakin shan magani na yi ta kiran Malam. Ya amsa daga ciki cewa yana ɗinke wani da fartanya ta sara, in jira.

Kafin ya gama ɗinki ya wanke hannu ya zagayo, Inna ta kwance bandejin. Abin ya hau bakin kwalba, ya buɗe ya rufe sau biyu, ya tashi ya tsallake danga. Malam ya shigo yana haki, ya tarar da ɓawo a jikin tsinke.

Ya ce, "Inna! Mako biyu ina jira!"

Ta dube ni ta ce, "Gaya masa numfashi yake nema. In ya mutu a kwalba wa zai ɗauki alhakinsa?" Ta miƙe tana kaɗe zani, ta ƙara da cewa, "Ikon Allah ne, na gani. Amma tsutsa ce dai, riga ta samu."

Daga nan Malam ya shiga neman tumfafiya. Ya hau kekensa ya tafi jujin bayan gari da fartanya, da rana tsaka, a lokacin da mutane ke dawowa daga gona. Ya haƙo guda huɗu ya ɗaure a bayan keke ya ratsa tsakiyar gari da su. Ya dasa su a kunya ta musamman, ya zuba taki, ya kafa musu katako da suna. Wannan karon shi da kansa yake ba su ruwa, don na ce ni ba da ni ba, ina da dangi a garin nan. Labari ya bazu. A ƙofar masallaci wani ya tambaye shi ko zai sayar masa da irin, yana so ya yi gona guda. Direban motar Birnin Kudu ya ce in ƙaya ma yake so akwai mai kyau a hanya, zai riƙa taho masa da ita. Masu zuwa shan magani suka fara duba kwalbar da ya ba su da kyau kafin su sha.

Duka huɗun suka mutu. Itacen da ke fitowa a juji da maƙabarta ba mai kula shi, wanda akuya ma ba ta ci, ya samu taki da ruwa safe da yamma ya bushe ƙarmas cikin kwana goma. Baba ya ce saiwarta doguwa ce, in an tsinke ta shi ke nan.

Waɗanda ya sare a jikin banɗaki kuwa, ba wanda ya lura, ashe sun sake tofo daga kututture. Kafin kaka sun kai ƙugu, ganye fato-fato. Nan jajayen malam-buɗe-littafi suka yi sansani. Su yi ƙwai a bayan ganye, tsutsotsi masu zane baƙi da rawaya su fito, iyayen su tsallaka su sha a furannin Malam masu buɗaɗɗen kai da furen riɗin da ya shuka. Wata rana da la'asar na ƙirga fiye da yatsun hannuna suna shawagi a lokaci guda, 'yata tana bin su da rarrafe. Malam ya ɗauke kujerarsa ya mayar da ita kusa da tumfafiya, wato daidai ƙofar banɗaki. Duk mai buƙata sai ya ɗauki buta ya wuce ta gabansa yana rubutu. Inna ta jure kwana biyu, a na uku ta ce in gaya masa ko ya matsa ko ta koma gidan ƙaninta.

Saura zuma. Baba ya kawo masa amya, wato gidan zuma da ake saƙawa da ciyawa kamar dogon kwando, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara cikinta da wasu saiwoyi masu ƙamshi, aka ɗaure ta a reshen tsamiyar da ke bayan katangarmu. Aka jira. Ƙadangare ya shiga, gizo-gizo ya shiga, zuma ba ta shiga ba.

Bayan an gama girbi, wata rana da azahar muka ji gunji kamar mota na tahowa. Sama ta yi duhu da ƙuda. Muka kwashi yarinya muka shige ɗaki muka leƙo ta taga. Suka zagaya tsamiya, suka zagaya amya, suka sauko suka dunƙule a bayan madafa, inda Inna ta kifa wata tsohuwar randa mai ɓallin baki. Kafin la'asar duk sun shige cikinta.

Malam ya ce wannan ba tsari ba ne, an yi musu gida sun je sun shiga randa. Zai mayar da su inda ya dace. Na ce ya jira ranar kasuwa Baba ya zo. Ya ce abin da tsohon da bai yi makaranta ba yake yi, shi ba zai gagare shi ba. Ya sa rigar ruwa, ya sa safar hannu ta asibiti, ya lulluɓa gidan sauro a kansa ya ɗaure a wuya da igiyar guga. Ya manta gidan sauron nan yana da hujin da na daɗe ina cewa zan ɗinke. Ya ɗaga randa.

Ban san Malam yana da gudu ba sai ranar. Ya zagaya rijiya, ya tattake kunyar wardi, ya faɗo ɗaki yana dukan kansa, ƙudan da suka shige cikin gidan sauron sun rasa hanyar fita shi ma ya rasa hanyar kwancewa. Sai da na sa wuƙa na yanke igiyar. Na zauna ina cire masa ƙari da hantsaki, na daina ƙirga a goma sha. Inna ta jiƙa toka ta miƙo min daga bakin ƙofa, kafaɗunta suna rawa don dariya.

Da gari ya waye idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa na sama ya yi kamar ƙosai. Kuma ranar awon mata da yara ce, babu mai riƙe masa aiki. Haka ya tafi. Ni ina jikin katanga ina saurare. Da ya fito baranda, sai wani yaro ya fashe da kuka. Malam yana da wata magana da yake yi wa kowa kafin ya caka masa allura, duk garin an haddace ta. Sai na ji muryar wata tsohuwa daga cikin layi tana cewa, "Saki jikinka, Malam. Ba zafi, kamar cizon tururuwa ne." Barandar nan ta ɗauki dariya har da masu zazzaɓi. Shi ma ya so ya yi, leɓen bai ba shi dama ba.

Zuma ta zauna a randarta, ba wanda ya sake taɓa ta. Da bazara ta zagayo Baba ya zo da sassafe, ya kunna damin ciyawa ya yi musu hayaƙi, ya karkata randar ya zura hannu ba safa ba komai, ya yanko saƙa har ya cika babban kwano, ya bar musu saura. Zumar fara ce tas, da ɗan ƙamshin lemo. Inna ta sa aka kai kwanon ɗakinta. Ta ce randa tata, kabewa tata, kuma ita ba ta taɓa bin su da famfo ba. Ta ɗibar wa Baba, ta ɗibar min, ta aika wa maƙwabta har da masu akuya. Malam ya yi ta gilmawa ta ƙofarta yana gyaran murya. Can ya same ni a madafa ya ce, "Ke, tambayar min ita ko da saura." Ta aiko masa a murfin kwano.

Damina biyu muka ƙara a gidan. Turakun iyaka suka ruɓe ba wanda ya sake kafawa, kabewa ta bi ta cikin furanni, wardi ya mutu ba a yi makokinsa ba. Sannan takarda ta zo an mayar da Malam Birnin Kudu. Inna ta ba Baba randar, ya zo ya ɗaure bakinta da tsohon zani ya ɗora a jaki ya tafi da ita Basirka. Wanda zai gaji Malam ya zo ganin gida, ya tsaya ya dubi lambun ya ce wurin zai yi kyau da turken tumaki.

Ranar tashi Malam ya tono abin da zai iya ya mayar cikin gwangwanaye, ya jera su a bayan babbar motar da ta kwashi kayanmu, tsakanin gado da turmi. Ya cika jarka da ruwa saboda su, ya ƙi zama a gaba, ya hau baya ya tsare su da lema. Ni da Inna da yara muna gaba kusa da direba. Mun yi nisa, rana ta take, sai motar ta fara huci, tururi na fita ta hancinta. Direba ya tsaya a gefen hanya, ba gari ba rijiya, ya buɗe ya duba, ya zagaya baya ya ce a miƙo jarkar nan.

Malam ya ce wannan ruwan yana da masu shi.

Direba ya ce, "To Malam, ka zaɓa. Ko injina ya sha mu isa, ko gwangwanayenka su sha mu wuni a nan."

Muna jin su ta taga suna ta ja. Daga ƙarshe suka daidaita, mota ta sha kashi biyu, furanni suka sha ɗaya. Muka shiga Birnin Kudu ana kiran la'asar, Malam a tsaye a bayan mota da lema, fuskarsa ja da ƙurar hanya. Sabon gidan da aka ba mu tsakar gidansa siminti ne daga bango zuwa bango. Ya sauko ya tsaya yana kallonsa, ya buga ƙafa a ƙasa sau biyu, sannan ya juya ya tambayi mai gadi ko a unguwar akwai mai ba da aron diga.